Kwalba Ta Bakwai

Shafi na 31

Sannunku da haƙuri, 'ya'yana. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ban saki shafin yau ba za ta biyo ni gida ta ƙwace wayar. Ki zo, akwai fura a ƙwarya. Sai dai ku gyara zama, na yau ba na dariya ba ne.

*

Ranar Talata da hantsi Saudatu ta hau benen sashensu na nazarin muhalli da saurinta, kamar wadda aka yi wa albishir. Shekararta ta huɗu ke nan a jami'a, aikin binciken kammala digiri kaɗai ya rage mata. Wata biyar ta yi tana bin rijiyoyin unguwarsu ta Ƙofar Durbi da kwalabe cikin jaka, mata suna tsokanarta wai ta koma 'yar garuwa mai biro. To jiya sakamakon gwajin ruwan ya fito, kuma ya fito da magana.

Rijiya goma sha biyu ta ɗiba. Goma sha ɗaya da sauƙi, 'yan matsalolin da ba a rasa ba ne irin na kowace rijiyar cikin gari. Amma ta bakwai, dalma aka samu a cikinta. Ba kaɗan ba. Yawan da ko babba bai kamata ya sha ba, balle yaro.

Ita kuwa Saudatu ba ta san rijiyar wa ce ta bakwai ba, don haka tsarin yake. Dakta Halima, malamar da ke duba aikinta, ita ta koyar da su darasin hanyoyin bincike tun suna aji uku, kuma mace ce da ba ta yarda da zuciyar ɗalibi ba. Cewa take zuciya tana da dangi, kwalba ba ta da kowa. Ranar da Saudatu ta kawo kwalaben, Dakta da hannunta ta ɓare sunayen da ke jiki, ta manna lambobi, ta rubuta wace lamba ce ta wane gida a wata takarda, ta saka a ambulan ta liƙe, ta jefa cikin durowa. Sai an gama gwaji a buɗe.

Amma ai mutum ba ya rasa zato. Akwai wani tsoho kusa da masu walda a bakin kududdufi, wanda ya bar Saudatu tsaye cikin rana kusan awa guda kafin ya yarda ta ɗebi ruwan rijiyarshi, yana ta faɗin 'yan boko sun zo neman abin rufe mashi rijiya. A ranta ta gama yanke hukunci tashi ce ta bakwai. Shi ya sa jiya da yamma ta zauna ta rubuta shafi uku masu zafi, biro kamar zai huda takarda.

Dakta Halima ta karɓi shafukan, ta gyara tabarau, ta karanta har ƙarshe. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani layi ta karanto shi a fili, inda Saudatu ta rubuta cewa mai wannan rijiya ya yi sakacin da ba shi da uzuri, kuma wajibi ne a rufe ta nan take ko ya so ko ya ƙi.

"Kin tsaya a kan wannan magana, ko rijiyar wa ce?"

"Ko ta wa ce, Dakta."

Dakta ta jawo durowa ta fito da ambulan ɗin. Ta ce sakamako irin wannan ba ya jiran a gama rubuta babi, yau za a san mai ita. Ta miƙa mata.

Saudatu ta yage bakin ambulan ɗin tana murmushi. Ta bi layi da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. Tsohon bakin kududdufi shi ne na huɗu, ruwanshi ƙalau.

Ta iso ta bakwai.

Rijiyar gidan Malam Gwadabe mai batir.

Mahaifinta.

Bari in tsaya in tuna maku wace rijiya ce wannan, don masu shigowa yau. Shekara guda bayan rasuwar Innarsu Saudatu, Malam Gwadabe ya haƙa ta a tsakar gida, ya fasa katanga ya yi mata ƙaramar ƙofa ta lungu, ya ce sadaka ce, ladan ya kai kabarin matarshi. Duk lungun nan babu wanda bai sha ba. Rijiyar Inna ake ce mata. Ruwanta garau, ga sanyi, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Da Dakta ta ce wa Saudatu ta nemo rijiya guda mai kyau wadda za a riƙa auna sauran da ita, kamar yadda mai awo ke ajiye mudu ɗaya na gaskiya, ko tunani ba ta yi ba. Ta Inna ta kawo.

Saudatu ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta ce an yi kuskure wajen manna lamba. Dakta ta tuna mata cewa kowace rijiya kwalba biyu aka ɗiba, aka kai ɗakin gwaji biyu daban-daban, kuma bakinsu ɗaya. Ta ce to ko kwalbar ce ba ta wanku ba. Dakta ta ce a gabanta aka wanke su duka, rana ɗaya.

Sai Dakta ta ce ta fito mata da takardun tambayoyi.

Kowace rijiya tana da takardarta, tambaya goma da ake yi wa mai gida: yaushe aka haƙa, zurfinta nawa, akwai shadda, wato masai, kusa, akwai bola, akwai gareji. Dakta ta baje su a tebur. Goma sha ɗaya duk sun sha wuya, wata da ɗigon ruwa, wata da shatin yatsa mai manja, wata an soke amsa an sake. Guda ɗaya ce fes, rubutu a miƙe, kamar an yi shi a kan katifa fanka tana kaɗawa.

"Wa kika tambaya a wannan?"

Saudatu ta kawar da kai daga takardar.

"Saudatu."

"Ni na cika, Dakta. Gidanmu ne. A ciki aka haife ni."

Dakta ta cire tabarau ta dafe goshi. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi ita ma da nata laifin, ta sa hannu ba ta duba ba. Ta ce abin da mutum ya fi tabbata ya sani, shi ne abin da ba ya tambaya, kuma nan ne bincike ke karyewa.

Can Saudatu ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta tambaya, in yaro yana shan irin wannan ruwan tun yana jariri, mi zai same shi. Dakta ta faɗa mata a hankali: ciwon ciki, rama, rashin kuzari, wani ya yi nauyin baki, in abin ya yi yawa har jijjiga. Tana lissafawa tana kallon fuskar yarinyar, sai ta dakata.

"Akwai yara a gidan?"

Saudatu ta ba ta labarin yayarta Rashida, da ke aure a Batagarawa. 'Ya'ya biyu ta binne. Anas yana da shekara biyu da rabi, Ramla ko yaye ba a yi ba. Dukansu da jijjiga suka tafi. Yanzu ga ta a gida tana wankan jego na uku, jaririn kwananshi goma sha tara, sunanshi Mahmud.

Dakta ta zagayo ta zauna kusa da ita. Ta ce ta saurara da kyau: kwalba ta faɗi abin da ke cikin ruwa, ba ta faɗi abin da ya ɗauki yaran ba, kuma waɗanda suka tafi babu mai iya auna su. Kada ta ɗora wa kanta abin da ba a tabbatar ba. Masu rai su za a kai asibiti a duba jininsu, uwar da jaririn da duk mai shan ruwan. Amma daga yau ko kurɓi ɗaya kada a ƙara sha, kuma tafasawa ba ta fitar da dalma.

Ta zaro sabuwar takardar tambayoyi, babu komai a jiki, ta ɗora mata a cinya.

"Je ki tambayi mai rijiyar."

*

Ana kiran azahar ta sauka daga a-daidaita a bakin lungu. Ƙofar rijiya a buɗe kamar kullum, wata mata tana jan guga tana yi wa goyonta waƙa. Saudatu ta buɗe baki, ta rasa ta ina za ta fara, ta wuce kamar wadda aka kora.

A tsakar gida Gwaggo Talatu, ƙanwar babansu da ta zo yi wa Rashida wankan jego, ta ɗora babbar tukunya tana iza itace. Ta ce ga Farfesa ta dawo, ta zo ta karɓi kunun kanwa tun da zafinshi, ko masu digiri ba su shan na masu jego? Saudatu ta kalli kofin, ta ce ta ƙoshi. Daga ɗaki Rashida ta leƙo da Mahmud a kafaɗa, ta ce a rabu da ita Gwaggo, tun da ta fara yawo da kwalabe ta daina cin abincin talakawa.

Shagon Malam Gwadabe yana manne da zaure. Ya dawo masallaci ke nan, yana zaune a kan benci cikin batura, na mota da na sola, wasu a buɗe wasu a jere suna caji. Shekara talatin yana wannan sana'a, da ita ya aurar da Rashida, da ita ya kai Saudatu jami'a. Yatsunshi duk sun yi baƙi, farcen sun cinye.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi makaranta, ya tambayi malamarsu, ya tambayi rana. Ta ce tambayoyi ta zo yi mashi irin waɗanda ta yi wa masu rijiyoyi.

Dariya ya yi har da buga ƙafa. Ya ce ashe dai za a zo kanshi, shi da ya zaci an raina tashi rijiyar, an bi gidan kowa da takarda an tsallake shi. Ya gyara hula, ya miƙe wuya kamar mai shiga rediyo.

"Bismilla, ɗiyata. Tambayi."

Yaushe aka haƙa? Shekara goma sha huɗu, watan Rajab. Zurfi? Gaba goma sha biyu, yana tsaye aka auna. Shadda? Ya ce Allah ya kiyaye, da kanshi ya taka tun kafin a sa diga, tana can ƙarshen gida. Bola? Babu. Kowace amsa da alfaharinta, ita kuma tana rubutawa.

Ta iso tambaya ta tara.

"Akwai wurin da ake zubar da kayan sana'a ko binne su, cikin taku talatin daga rijiyar?"

Ta san amsar, ko ta zaci ta sani. Tun tana ƙarama take ganin 'yan gwangwan suna zuwa kwasar tsofaffin batura. A tsohuwar takardar ma a'a ta rubuta.

"To, wannan kam akwai," in ji shi.

Ya ce 'yan gwangwan ai kwanson kawai suke ɗauka da abin da zai yi masu kuɗi. Ruwan batirin da ya mutu, da dagwalon da ke kwantawa a ƙasa, da tokar da ke saura in ya narka dalma, babu mai so. Sauran masu sana'ar a kwata suke tuttulewa. Shi ma da haka yake yi, har ranar da wata yarinya 'yar maƙwabta ta taka da ƙafa ba takalmi, fatar ta saluɓe. Ranar bai iya cin abinci ba. Sai ya shiga kangon bayan gida ya haƙa rami mai zurfi, ya yi mashi murfin ƙarfe. Kullum bayan sallar asuba, kafin yara su fito, yake kaiwa ya zuba ya rufe. Ko su 'ya'yanshi bai taɓa bari sun sani ba, don yaro in ya san wuri sai ya je.

"Ki rubuta wannan da kyau," ya ce. "Shekara goma sha shida, ko akuya ba ta taɓa lasa ba."

Biron ya tsaya.

"Baba, taku nawa ne daga ramin zuwa rijiyar Inna?"

Ya ɗaga kai yana lissafi. "Tara. Ko goma. Amma ai da katanga a tsakani."

"Ruwan ƙasa bai san katanga ba, Baba."

Ya kalle ta. Fara'ar tana nan a fuskarshi, ba ta san an gama da ita ba.

Saudatu ta fito da sakamakon ta ajiye a kan bencin, ta yi mashi bayani tun daga kwalabe har ambulan. Ba ta ɗaga ido ba har ta gama.

Da farko faɗa ya yi, amma ƙasa-ƙasa don kada a ji a cikin gida. Ya ce shekara goma sha huɗu yana sha, ga shi zaune. Ya ce a kawo mashi mutum ɗaya a lungun nan da ya taɓa ganin ruwan ya canza launi ko ya yi wari. Ya ce abin da aka yi don Allah ba ya cuta, ita da ta yi Islamiyya ta fi kowa sani. Ya ce na masu jego ma ai tafasa shi ake yi har ya yi ƙara. Ta ce tafasawa ba ta fitarwa. Ta tuna mashi ciwon cikin da yake fama da shi shekara da shekaru ana cewa basir ne, da yadda hannunshi na dama ke saki in ya ɗauki abu.

Ya kalli hannun. Ya mayar da shi cikin aljihu.

Wani mai babur ya tsaya a ƙofar shago zai karɓi batirinshi, Malam ya ɗaga mashi hannu alamar ya dawo.

'Ya'yana, akwai abin da Saudatu ta ƙudura ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Shi da kanshi ya isa wurin.

Tun da aka haifi Anas, kowace Juma'a in an sauko masallaci, Malam Gwadabe yakan cika jarka biyu daga rijiyar Inna, ya ɗaure a bayan babur, ya kai har Batagarawa. Gidan mijin Rashida suna da burtsatse a ƙofar gida, ba ruwa suka rasa ba. Shi dai cewa yake jikokin da kakarsu ba ta gani ba, su sha daga sadakarta, ta samu ladansu. Rashida takan ware jarkar, manya ba su taɓawa. Ta yara ce.

"Jarkar nan," ya ce. Muryar ba tashi ba ce. "Anas. Da Ramla."

Ta ce Dakta ta ce ba za a iya tabbatarwa ba, akwai cututtuka da yawa masu kawo jijjiga, kada a ɗora wa kai abin da...

"Ban tambaye ki abin da malamarku ta ce ba. Ke na tambaya."

Saudatu ta sa mayafi ta rufe fuska.

Bai yi kuka ba. Ya jingina da bango yana maimaita innalillahi a hankali, kamar mai ƙirga wani abu. Da ya dawo hayyacinshi sai ya kama roƙonta, uba yana roƙon ɗiyar da ya haifa. Ya ce kada Rashida ta ji. Jego take, ɗanyen jiki gare ta, in ta ji nononta zai ƙafe, ko ta zauce. A bari ta yi arba'in.

Saudatu ta ce shekara shida dangin mijin Rashida suna kiranta mai wabi. An kai ta gidan masu magani ya fi a ƙirga, an yi mata turare, an yi mata rubutu, har ta yarda da bakinta cewa cikinta ne ba ya riƙe 'ya'ya. Ranar sunan Mahmud ko kallonshi ba ta son yi sosai, wai kada ta saba. Ta ce in akwai mai haƙƙin ji, ita ce. Kuma asibiti za a kai su, mi za a ce mata?

"Kwana ashirin da ɗaya nake roƙo," ya ce. "Ki bar ni in nemo bakin da zan faɗa mata."

Ta ce ta ji, amma da sharaɗin a rufe rijiyar yanzu, ba gobe ba.

Ya tashi da ƙyar. Ya ciro kwaɗon shagonshi, ya shiga gida, ya jawo murfin rijiyar ya datse, ya sakaya ƙofar lungu. Gwaggo Talatu ta saki muciya tana tambayar lafiya. Mata biyu da suka zo da bokiti suka tsaya cirko-cirko. Tun da aka haƙa ta, ko ranar sallah ba a taɓa sa mata kwaɗo ba.

Malam Gwadabe mutum ne da bai iya ƙarya ba, shi ya sa ya ɗauko wadda ta fi kusa.

"Mage ce ta faɗa. Ta mutu a ciki."

Aka yi ta jajantawa. Matan suka juya da bokitansu. Saudatu ta sauke numfashi, ta ce a ranta ko ba komai an samu kwana biyu.

Ko la'asar ba a yi ba aka yi sallama. Babaji ne, maƙwabcinsu mai yasar rijiya, da igiya a kafaɗa, bayanshi magidanta huɗu kowa da guga. Labari ya zaga lungu. Babaji ya ce haba Malam, don mage ake sa kwaɗo? Ai hukuncin sananne ne, ko yaron makarantar allo ya san shi: a fitar da mushen, a kwashe ruwa gwargwado, rijiya ta tsarkaka. Ya ce shekara goma sha huɗu suna sha kyauta, yau rana ta zo da za su rama wa marigayiya. Kafin magariba za su yashe ta tas, kuma wallahi ko sisi ba zai karɓa ba.

Malam ya ce a bari sai gobe. Suka ce mai jego a gida, ina za a bari. Ya ce makullin ya shige mashi wani wuri. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce ga shi nan a hannunka, Malam, tsufa ne ya fara sallama. Babaji har ya fara naɗe ƙafar wando, yana tambaya magen wace iri ce, don ta gidan liman ba a gan ta ba tun jiya.

Malam Gwadabe yana tsaye a bakin rijiyar, ya damƙe makulli, ga mutanen kirki sun kewaye shi da alheri, ya rasa ta inda zai fita.

Saudatu tana can tana kallonshi, ba ta lura da abin da ke bayanta ba sai da ta ji muryar Gwaggo Talatu. Gwaggo tana ce wa Rashida ai Allah ya taimaka, randar ɗaki cike take da ruwan jiya, tun kafin magen ta faɗa. Wannan kam tsarkakakke ne. Yaron nan zafi ya dame shi, leɓenshi ya bushe, a ɗan ɗiga mashi. Na asibiti su yi ta faɗin nono zalla, su ba su san zafin Katsina ba.

Saudatu ta waiwaya.

Rashida tana zaune a bakin ƙofar ɗaki a kan tabarma, Mahmud a cinyarta. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsoma ƙaramin cokali, tana yi mashi wasa da baki.

"Buɗe, ɗan Baba. Ruwan kakarka ne. Yayyenka ma shi suka sha."

Saudatu ba ta san lokacin da ta tsallake tsakar gidan ba. Ta riƙe wuyan hannun yayarta. Ruwan cokalin ya zube a zani.

Rashida ta ɗago tana dariya, ta ce ke lafiyarki, ko karatun ne ya fara taɓa ki? Ta ja hannunta. Saudatu ba ta saki ba. Ta sake ja, ta ji riƙon ba na wasa ba ne. Dariyar ta ɗauke.

"Na jiya ne fa, Saudatu. Magen yau ta faɗa."

Saudatu ta ƙara damƙe ta. Hawaye kawai, suna sauka a kan hannun da ta riƙe.

Babaji ya tsaya da igiya a hannu. Gwaggo ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Rashida ta kalli ƙanwarta, ta kalli moɗar, sannan ta juya a hankali ta kalli mahaifinta.

"Baba, mi ke cikin ruwan nan?"

Malam Gwadabe ya taho, ƙafarshi tana ja. Ya zo har bakin tabarmar. Mutumin da Rashida ba ta taɓa gani a ƙasa ba sai in yana sallah, ya durƙusa a gabanta gwiwa biyu, a gaban maƙwabta, ya cire hularshi ya ajiye.

"Rashida," ya ce, "miƙa wa Gwaggonki yaron. Babu wata mage."